Hodar da Ta Ƙi Hannun Kowa

A hawa na uku na ginin binciken, can ƙarshen baranda inda ake jingine tukwanen gas, akwai ɗakin wata mata da kowa ke kira Guntuwa. Digirin dakta gare ta, kuma a gaban baƙi Dakta ake ce mata, amma da baƙi sun ba da baya sai a koma wa sunan da tsayinta ya jawo mata. Ba ta damu ba. Takan ce ita dai ba ta taɓa ganin inda aka rubuta tsawon mutum a takardar shaida ba.

Hoda take yi. Shekara da shekaru tana dama ruwan jan ƙarfe da na tutiya, tana tacewa, tana gasawa, har ta samu wata baƙar hoda da in ka gan ta a ƙasa tsintsiya za ka nema. Tsatsar ƙarafan nan biyu ce kawai a gauraye. Amma in aka ɗura ta a bututun ƙarfe mai zafi, aka turo iskar kabon ta ciki, irin wadda masana'antu ke amayarwa sama, tare da iskar haidurojin, sai wani ruwa garau ya riƙa ɗigowa ta ɗaya bakin. Metanol sunansa, ana ƙona shi kamar mai, ana kuma yin roba da fenti da shi. Ita hodar ba ta ƙarewa, ba ta bin ruwan. Aikin dillaliya take yi: ta haɗa iskokin nan biyu da ba sa ga maciji da juna, ta koma gefe ta jira na baya. Masu sana'ar kuwa, katalis suke ce wa irin wannan hoda.

Irin wannan hoda ba baƙuwa ba ce a duniya. Abin da ya girgiza ginin shi ne ta Guntuwa ta fi duk wadda suka taɓa gwadawa, nesa ba kusa ba. Ruwan ya fi zuba, kuma ba ta saurin gajiya. Farfesa, shugaban sashen, wanda a da sai ka gaishe shi sau biyu kafin ya amsa, ya koma shi ke fara gaida mutane a matakala. Wani kamfanin siminti ma ya aiko yana tambaya ko za a gwada hodar da hayaƙin da ke fita daga dogon bututunsu.

Sai dai a wannan sana'a, abin da hannu ɗaya ne kaɗai ke iya yi ba a kiransa ilimi. Dole wani ya ɗauki bayaninka, ya bi shi daki-daki, ya samu abin da ka samu. Farfesa ya ɗora wa Dogo wannan aiki.

Dogo shi ma dakta ne, ɗakinsa na kallon nata. Mutum ne da ke goge farar rigar aikinsa har ta yi kari, kuma in ya ga kwalba ta karkace a kan kantar wani sai ya miƙa hannu ya daidaita ta, ko da ba a san shi a ɗakin ba. Shi da Guntuwa kullum cikin tsokanar juna suke. Ya karɓi bayaninta ya bi shi kamar mai bin umarnin likita. Hodarsa ta fito baƙa kamar tata, nauyi ɗaya, kamanni ɗaya. Da aka sa ta a bututu, ruwan da ta bayar bai kai rabin nata ba. Ya sake, haka. Ya canza ruwa, ya karɓi kwalaben sinadarinta, ya gasa a tandarta, duk dai kanwar ja ce.

Daga nan tsokana ta mutu, abin da ya fi zafi ke nan. Dogo ya daina ce mata Guntuwa, ya koma Dakta, cikin ladabin da ke sa mutum jin sanyi a baya. A ɗakin shan shayi, in ta shigo sai hira ta koma kan ƙwallo. Ba wanda ya ce mata ta ƙirƙiri sakamako. Ai da sun faɗa da ta samu abin amsawa.

Farfesa ne ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa da kansa.

"Dakta, zauna. Ni ban ce kin yi wani abu ba."

"Ranka ya daɗe, tunda ka fara da haka, an ce ke nan."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Mutanen siminti suna jiran amsa. Ba zan kai musu abin da mace ɗaya ce tak a duniya ke iya yi ba. In wani hannu bai yi hodar nan ba kafin su zo, zan janye rahoton. Kuma kin san abin da janyewa take nufi."

Ta sani sarai. Rahoton da aka janye don an kasa maimaita shi, tabonsa ba ya barin sunan mai shi. Ko ina ta je za a yi mata murmushi, a ba ta kujera, a kuma sa wani ya sake auna duk abin da ta auna.

Da yamma ta koma gida ta tarar da maigidanta a tsakar ɗaki yana gyaran takardun ɗalibansa, malamin lissafi ne a sakandare. Inna, mahaifiyarta, wadda ke zaune da su tun rasuwar Baba, tana tsintar zare a jikin rigar jikarta. Guntuwa ta ajiye jaka ta zauna.

"Yau kuma hayaƙin ya ƙi kamuwa?" in ji Inna. Ita a wurinta aikin 'yarta ke nan, kama hayaƙi.

"Hayaƙi yana kamuwa, Inna. Ni kaɗai yake yarda in kama, shi ne laifina."

"To ai albarkar hannu ce. Kakarki ma haka take, ko ruwan zafi ta dafa sai ya fi na kowa."

"Wallahi Inna, albarkar hannun nan ita za ta kashe ni. A wurinmu in aka ce hannunka ne, to an ce maƙaryaci ne kai."

Maigidan ya ajiye jan bironsa.

"Dakta," ya ce, don shi har a gida haka yake kiranta, rabi wasa rabi alfahari, "in ɗalibi ya kawo mini amsa daidai, na ce ya nuna aiki ya kasa, ba lallai sata ya yi ba. Wani lokaci akwai layin da yake yi a ka, bai san yana yinsa ba."

"Na rubuta komai, Malam. Har zafin ɗakin na rubuta."

"To ki je ki yi a gabansu."

Shawarar ta zauna mata. Washegari ta ce wa Farfesa za ta yi hodar a ɗakin Dogo, da kayan Dogo, a kan idon duk mai son kallo. In ta fito da kyau, an san ba wani abu take ɓoyewa a ɗakinta ba.

Ana dama hodar ne a cikin wata rumfar gilashi mai zuƙe tururi, mutum yana tsaye a waje ya zura hannuwansa ciki. A tsakiya akwai tulun gilashi da ruwan ɗumi, da maburgi mai juyawa da lantarki. Siraran tiyo biyu ne ke ɗigo a cikin tulun, ɗaya na kawo shuɗin ruwan ƙarafan, ɗaya na kawo ruwan soda. Inda suka gamu sai ƙarafan su kwanta kamar dusa. Rumfar Dogo an ɗaga ta bisa tsayinsa, don haka ya jawo mata wani ɗan benci ta hau, bai ko yi murmushi ba. Da a da ne, da sai an yi wata ana ba da labarin bencin nan.

Ta hau, ta ga komai a shimfiɗe a gabanta, sarari ko ta ina. Ta maƙala tiyo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, suna fuskantar juna kamar yadda zanen littafi yake nunawa. Ta auna, ta ɗiga, ta jira damun ya juya daga shuɗi zuwa kore, ta tace, ta wanke, ta shanya, ta gasa. Mutane suna shigowa suna fita. Ba wanda ya ga kuskure ko ɗaya, har ita kanta.

Da aka sa hodar a bututu, sai ta yi abin da ta Dogo ta yi. Ko rabi ba ta kai ba.

Akwai na'urar da ke shinshina abin da ya fito daga bututun, ta zana layi a allon kwamfuta. In metanol ya yi yawa sai layin ya tashi ya yi tsauni. Ran nan ɗan tudu ya yi, irin wanda ko akuya ba za ta waiwaya ba. Injiniyan da ke kula da na'urar ya sunkuyar da kai yana gyaran wayar da ba ta lalace ba. Farfesa ya dubi allon, ya dubi Guntuwa, ya fita. Ita kuwa ta tsaya tana kallon ɗan tudun. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don a karon farko ita ma ta fara tambayar kanta ko dai idonta ne ya yi ta yaudararta duk shekarun nan.

Ta tsallaka baranda ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa. Kuka ya zo mata, ta haɗiye shi, haushi ya maye gurbinsa. Mutum in haushi ya ci shi, abin da hannunsa ya saba shi yake nema. Ta zuba ruwa a tulunta, ta kunna maburgi, ta maƙala tiyon soda a gefen da ke kusa da ita. Ta ɗauki tiyon ƙarafan ta miƙa hannu za ta kai shi can ɗaya gefen. Goshinta ya bugi gilashin rumfar. Yatsunta suka tsaya a iska, saura ɗan taƙi su kai ga maƙalin. Ta yi tsaki, ta dawo da tiyon ta matse shi a jikin ɗan'uwansa, baki da baki, dab da maburgi, yadda take yi kullum.

Sai ta tsaya cak, tiyon na hannunta.

Yadda take yi kullum. Tun ranar da aka ba ta ɗakin nan hannunta bai taɓa kaiwa can ba, kuma ba ta taɓa neman benci ba don kada Dogo ya samu abin dariya. Ta daɗe da daina ganin abin, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa. A bayaninta ta rubuta a ɗiga ruwan biyu a lokaci ɗaya, ba ta ce a ina ba. Wa zai rubuta cewa hannunsa gajere ne?

Ta zauna a kan kujera tana kallon tulun, lissafin yana warware kansa. In tiyon suna nesa da juna, kowane ɗigo sai ya yi yawo a ruwa kafin ya gamu da soda. Jan ƙarfe mai gaggawa ne, shi zai riga kwanciya, tutiya ta biyo baya, kowa ya kama unguwarsa. In kuwa bakunan suna haɗe, a ɗigo ɗaya ake kama su tare, su kwanta a cakuɗe, ƙwayar wannan a jikin ƙwayar wancan. Kuma duk mai wannan sana'a ya san aikin ba a jan ƙarfe yake ba, ba a tutiya ba, a inda suka taɓa juna yake. Tsaftar Dogo da zanen littafi su suka raba abin da gajartarta ta haɗa.

Dariya ta kufce mata, ita kaɗai a ɗaki, har da riƙe ciki.

Ba ta dama komai ba. Ta kashe maburgi ta zubar da ruwan, don ta gane in ta sake yin hodar da hannunta, ko ta fi ta da kyau, ba abin da ta wanke. Ta nufi ofishin Farfesa ta shiga ba ta jira izini ba.

"Ranka ya daɗe, dama ɗaya nake roƙo. Dogo zai yi, ni ko cokali ba zan taɓa ba."

"Dakta, an gwada wannan."

"Ba a gwada da gajeren hannu ba."

Ta yi masa bayani. Ya saurara yana juya biro, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Can ya ce, "In wannan ma ta ƙi fa?"

"Ni da kaina zan rubuta takardar janyewar, ka sa hannu kawai."

Da safe aka hallara a ɗakin Dogo. Guntuwa ta ja kujera can bakin ƙofa, ta zauna, ta cusa hannuwanta biyu a aljihun rigar aiki. Abu ɗaya ta faɗa: a haɗa bakin tiyon biyu, a kawo su dab da maburgi.

Dogo ya dubi tulun kamar an ce ya sa takalmi ƙafa daban-daban. "Duka a gefe ɗaya? Dakta, wannan ai ba tsari. Dubi yadda ya karkace."

"Haka za ka bar shi."

"Ido ma ba ya son ganinsa."

"To rufe idon, ka ɗiga."

Injiniya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Dogo ya matse tiyon yana ƙunƙuni, ya buɗe musu hanya. Shuɗin ruwa da farin ruwa suka fara gamuwa a wuri ɗaya, maburgi yana fizgar su. Wuyar da Guntuwa ta sha a kujerar nan Allah kaɗai ya sani. Sau da yawa hannun Dogo yana tashi da kansa zai gyara karkatar, sai ta ce, "Dogo!" ya mayar da shi baya kamar an kama shi da satar nama. Ita ma nata hannun ƙaiƙayi yake yi a aljihu, ta ga wutar ta so ta yi yawa, ta ga tacewar tasa ta cika nawa, amma ta danne. In ta taɓa ko da murfin kwalba ne, za a ce hannunta ne.

Damun ya juya kore. Dogo ya tace, ya wanke har sau ba adadi, don shi a wanki ba a kama shi, ya shanya, ya kai tanda. Aikin ya ci kwanaki. A gida Inna ta lura 'yarta ba ta cin abincin kirki, ta ce, "Ke da aka ce ba ke ke yi ba, me ya hana ki ci?" Guntuwa ta ce ai shi ya sa.

Ranar gwaji ɗakin na'ura ya cika har baranda, har da masu hirar ƙwallon nan. Dogo ya auna baƙar hodarsa ya ɗura a bututu da hannunsa, Injiniya ya ɗaure, ya buɗe gas, ya ɗaga zafi. Aka zuba wa allo ido. Guntuwa tana baya, ba ta ganin komai sai kafaɗun mutane, kuma ba ta ce a matsa mata ba.

Layin ya daɗe yana tafiya a kwance. Wani ya duba agogo. Sai ta ji ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ba na kunya ba. Injiniya ya ce, "Kai!" a hankali. Wani ya ce, "Bai tsaya ba fa." Sai muryar Dogo, wadda ta manta da duk wani ladabi:

"Ina Guntuwa? Ku matsa mata, don Allah ku matsa mata! Guntuwa, zo ki ga ɗanki!"

Aka dare mata hanya. Layin ya tashi ya yi tsauni, ƙololuwarsa tana neman fita daga allon. A ƙasan bututun, cikin 'yar kwalbar da ke zaune a ƙanƙara, ruwa garau yana taruwa ɗigo bayan ɗigo. Iskar da aka saba saki sama ta tafi, ga ta nan a kwalba ana iya girgiza ta.

Farfesa ya sa Injiniya ya ɗora tsohon layinta a kan sabon. Ya matso da fuskarsa, ya cire tabarau, ya mayar.

"Dakta," ya ce, "tasa ta fi taki."

Gaskiya ne. Tsaunin Dogo ya ɗara nata da ɗan kaɗan, wataƙila saboda wankin nan nasa na fitar hankali. Mutane suka juyo suna satar kallonta, a ga yadda za ta ɗauka. Ita kuwa daɗi ne ya cika ta, daɗin da ba ta ji irinsa ba ko ranar da ta fara ganin tsaunin da idonta. Hawayen da ta hana fita ran nan suka zubo, ba ta share ba.

"Ta fi tawa," ta ce. "Ranka ya daɗe, a rubuta haka, da manyan baƙaƙe. A sa sunansa kusa da nawa."

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Ya zo gabanta ya rage tsawo, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce, "Ki yafe mini. Ban faɗa ba, amma na zata."

"Na sani. Ni ma sai da na zata."

Farfesa ya riga ya zaro waya yana neman lambar mutanen siminti. Ya sa ta a kunne, sannan ya toshe bakinta da tafin hannu. "Za su so babban damu, tulu goma aƙalla. Dakta, gobe da sassafe sai ki shigo ki fara."

Guntuwa ta cire farar rigar aikinta, ta ninke ta a hannu, ta dubi Dogo da Injiniya da sauran da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa.

"Gobe ina gida, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba sai na zo ba. Kowa ma zai iya."